Addu'ar da Kaka Bai Rufe Ba

Tsoron ya fara kama ni ne lokacin da na ji Littafi Mai Tsarki ya faɗi ƙasa, kuma ban ji an ɗauka ba. Muna tsakiyar addu'ar safe a ƙaramar majami'ar mishan, mu kusan talatin, kowa kansa a sunkuye. Kakana, wanda mutane ke kira Baba Mishan, shi ke jan addu'ar. Ya ce, "Ya Ubangiji, ka dubi..." sai ya yi shiru.

Shirun bai ba kowa mamaki ba. Shekara arba'in da ɗaya yana aikin bishara, kuma duk tashar mishan da aka tura shi sai ya kafa wannan doka: ba a buɗe ido sai ya ce amin. Yakan tsaya a tsakiyar magana minti biyar, wani lokaci goma. "Kun cika surutu," in ji shi. "In kun gaya wa Allah naku, ku ba shi fili ya amsa mana." Iya, kakata, takan ce ta taɓa yin gyangyaɗi ta farka, ta tarar Allah bai gama amsawa ba.

Kafinta ne shi kafin ya shiga aikin Ubangiji, bencinan majami'ar ma da hannunsa ya haɗa su. Bai taɓa ɓoye tsoronsa ba. Yana tsoron kare, yana tsoron allura, kwalekwale kuwa sai ya rufe ido yake shiga, amma shekara tara yana haye kogi zuwa wa'azi. In sababbin masu bishara suka zo suna ɗari-ɗari da inda aka tura su, sai ya ce, "Ni ma gabana faɗuwa yake yi. Cewa nake, Yesu, ga tsoron nan, riƙe mini, in na dawo na karɓa."

Abin da ya fi tsoro shi ne ciwon da ya kwantar da mahaifinsa shekara shida, baki a karkace, ba magana. Wata biyu ke nan da na gama karatun jinya, yana ta tsokanata da "Likita", amma ya hana ni auna jininsa. "Wannan igiyar taki, fara shaƙe hannun kakarki da ita. In ta rayu, ki zo."

Da littafin ya faɗi, duk abin da aka koya mini ya faɗo mini a rai. Amma tun ina ƙarama nake bin dokar nan, ta fi karatun nauyi. Na ce ko hannunsa ne ya zame. Na ji wani numfashi mai kama da minshari, na ce ko Iya ce. Daga baya na lissafa, minti bakwai na yi kafin na buɗe ido ɗaya.

Yana jingine da bagade, ɓarin bakinsa ya zazzago, yawu ya jiƙa wuyan rigarsa. Idonsa a buɗe. Duk tsawon lokacin nan kallonmu yake yi, mu talatin, ba mai ɗaga kai.

Na kurma ihu. Dattijon da ke kusa da ni, ko ido bai buɗe ba, ya ce, "Ke yarinya, addu'a ake yi!"

A asibiti aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likita ya ce gudan jini ne ya toshe jijiya, sai an shiga da shi tiyata nan take. Wataƙila maganar ta dawo, wataƙila kuma ba zai farka ba. Ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya fara, na faɗa masa. Iya ta sa hannu a takarda.

Da aka zo tura gadon, Kaka ya kama ƙarfen jikin bango da hannun hagu, ya ƙi saki. Hawaye na gangaro masa, yana ta cewa, "A... a..." Na ɗauka ƙin tiyatar yake yi. Na durƙusa ina roƙonsa, "Kaka, don Allah, lokaci na tafiya."

Iya ta janye ni, ta sunkuya ta dube shi da kyau. Sai ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka.

"Wai addu'ar ce bai rufe ba," ta ce. "Malam, kai dai ba ka canjawa. To, ka ce 'ka dubi' ka tsaya, bari in ƙarasa maka." Ta dafa goshinsa. "Ya Ubangiji, ka dubi wannan tsohon matsoracin naka. Ga tsoron nan, riƙe masa. Amin."

Yatsunsa suka saki ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Jikinsa bai daina rawa ba, amma ya dubi masu tura gadon ya gyaɗa kai. Ƙofar ta rufe.

Awa uku ke nan muna zaune a bakin ɗakin tiyata. Iya na rungume da littafin, bangonsa ya lanƙwashe inda ya bugi ƙasa. Na gaya mata zancen minti bakwai ɗin, ta ce, "Mu talatin muka yi shiru, ke kaɗai kika buɗe ido." Maganar ba ta kwantar mini da hankali ba. Da na rufe ido sai in ga yana kallonmu.

Sau biyu ƙofar ta buɗe, duk ba mu ake nema ba. Likitan bai fito ba tukuna.