Wutar Shara da Tukunyar Asabe

Har gobe ban manta da ranar da tukunyar Asabe ta wuni cike ba, ko cokali ɗaya ba a saya ba, kuma ni ne sanadi. Tunda ku sababbin ma'aikata kuna ta tambayata yadda aka yi mahauta suka taɓa zama masu gadin shara a garin nan, bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

A ƙarshen zamanin shugaban ƙasarmu na farko ne, lokacin da itace ya fara wuya a Garwa bayan shekarun fari. Ina aiki a meri, wato ofishin magajin gari, sashen kwashe shara, a matsayin ajan, wato mai kula da leburori da motocin juji. Sai aka turo mana wani injiniya, mutumin kudu, wanda muke ce wa Shef kawai. Ya zo da dabararsa: a gina rami da siminti a bayan mayanka, a zuba masa sharar kasuwa mai ruɓewa, a dama da ruwa, a kife shi da babbar gangar ƙarfe yadda iska ba za ta shiga ba. A cikin wannan duhun, in ji shi, wasu ƙananan halittu irin na tumbin saniya ne ke cin sharar, su fitar da gas. Gas ɗin ya taru ya ɗaga gangar sama, ya bi bututu zuwa risho. Abin da ya saura kuwa taki ne ga masu lambu a bakin kogin Binuwai.

Abin da ya hana Shef sakat shi ne sharar kanta. Takan zo a cakuɗe da yashi da toka da gwangwani da fasassun kwalabe, ta toshe bakin ramin. Ya roƙi a riƙa ware mai ruɓewa tun daga kasuwa. Ya kira taro, ya yi jawabi da Faransanci, ya raba ganguna masu fenti. Mata suka kai su gida suka tara ruwa. Leburorina kuma suka ce kwasa aka ɗauke su yi, ba tsinta ba. Duk da haka, gangar ramin ta ɗan ɗaga.

Asabe bazawara ce mai sayar wa mahauta shinkafa da miyar kayan ciki a ƙofar mayanka. Ni kuwa na daɗe da mutuwa a kanta. In ta sunkuya tana hura wuta, hayaƙi ya cika mata ido da hawaye, sai in ji kamar a ƙirjina ɗanyen itacen yake ci. Don haka da Shef ya ce yana neman wanda za a fara ja wa bututu, ban bari ya rufe baki ba.

Na je na same ta na ce, "Asabe, hasken safiyata, daga yau idanun nan sun daina kuka."

Ta ce, "Ajan, kai dai baki kamar rediyo. Wutar ce za ta dafa shinkafar ko bakinka?"

Na rantse mata wutar ce. Da ma na sha roƙon ta bar ni in turo manyana wurin mahaifinta, tana ce mini sai an jima. Ran nan ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To ji nan. In tukunyata ta ƙare a kan wutar nan taka, turo su. In ta kwana, kada in ƙara ganin kekenka a rumfata."

Washegari aka kunna. Wuta shuɗiya shar, ba hayaƙi, ba toka, gindin tukunya fes. Ina tsaye ina ganin kamar wani yanki na sararin sama ne ya sauko ƙarƙashin tukunyarta. Da rana ta yi, mahauta suka fito, suka yi cirko-cirko daga nesa. Wani ƙaton mahauci da ake kira Ɗan Bogo ya toshe hanci, alhali babu warin komai.

Ya ce, "Mu ci abincin da aka dafa da tusar juji? Ni da idona na ga mushen kare a motar su Ajan!"

Aka kwashe da dariya, suka wuce wurin mai ƙosai. Asabe ta zauna jiran masu saye har la'asar. Sannan ta rufe tukunya ta ce, "Ta kwana, Ajan." Ba aurena kaɗai ya faɗa rami ba, har da sana'ar da take ci da kanta.

Da safe na ja Shef muka tafi wurin Sarkin Pawa, Alhaji Tanko, wanda babu mahaucin da ke tsallake maganarsa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, an ƙaurace wa marainiyar Allah a kan laifin da ba nata ba."

Ya ce, "Marainiya da ubanta a raye? Tashi, ɗan nan, na san abin da ke damunka. Amma zancen tsarki ba a yanke shi da wuƙar fawa. Mu je wurin Modibbo."

Modibbo tsohon malami ne Bafulatani, limamin masallacin mayanka. Ya saurare mu, ina fassara wa Shef. Ya ce, "Wannan iska taku ban gan ta a littafi ba. Ku dai gaya mini, me kuke ba ramin yana ci?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, duk abin da mota ta kawo."

Ya girgiza kai. Ya ce ganye da ɓawon rogo da ruɓaɓɓen tumatir ba su da laifi. Kashin saniya da na tunkiya, da abin cikin tumbinsu, duk masu tsarki ne, tunda ana cin namansu. Amma jinin yanka, da mushe, da kashin jaki, da abin bayan gida, najasa ne. "Abin da ya ci mai tsarki," in ji shi, "ban ga abin ƙi a numfashinsa ba."

Shef ya raɗa mini, "Tambaye shi gwangwani da kwalba fa?"

Modibbo ya yi murmushi ya ce su kam ba najasa ba ne. Shef ya ɓata fuska. Sai Sarkin Pawa ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Wa ya san abin da ke manne a cikin gwangwanin juji? Duk abin da ban san asalinsa ba, ba zai shiga ramin nan ba. Yarana za su tsaya a kai."

Da na fassara, Shef ya damƙe hannuna kamar an yi masa albishirin haihuwa.

Aka kwashe ramin kaf, aka wanke shi, aka fara ciyar da shi da abin cikin tumbin shanun da aka yanka da safe. Sarkin Pawa ya yi magana da Sarkin Kasuwa, masu kayan miya suka fara tara ruɓaɓɓen kayansu a kwanduna daban, tun kafin ya taɓa juji. Abin da jawabin Shef ya kasa, maganar tsarki ta yi shi cikin kwanaki. Wanda ya fi kowa zafi a bakin ramin kuwa Ɗan Bogo ne. Ya taɓa mayar da kwando guda don ya ga murfin kwalba a ciki, yana faɗa wa lebura, "Abincinmu za ka ɓata?"

Sabon rami yakan ɗauki makonni kafin ya ba da gas. A tsawon lokacin nan Asabe ta koma kan itacenta, masu saye suna dawowa da ɗaiɗai. Kekena na jingine shi nesa da rumfarta, nakan tako da ƙafa, tunda keken ta hana. Maganar da ke haɗa mu ba ta wuce "Da yaji ko babu?" ba. Na rame har Shef ya ce in je asibiti.

Da gangar ta tashi, ta tashi fiye da yadda muka taɓa gani. Amma Asabe ta ce ita da rishon nan har abada, wanda ya ƙone sau ɗaya ya isa. Ban san yadda zan yi ba, sai ga aike daga Sarkin Pawa: tire cike da hanta da tumbi, da saƙon cewa a kan shuɗiyar wuta yake so a dafa masa. Wannan ba saƙon da ake mayarwa ba ne.

Da azahar ya zo da Modibbo, suka zauna a benci, mahauta sun kewaye su. Modibbo ya yi bisimilla ya kai loma. Sarkin Pawa ya kai tasa, ya tauna.

Ya ce, "Asabe."

Ta ce, "Na'am, Baba."

"Gishiri ya yi kaɗan. Ƙaro mini miya."

Ai kafin ya rufe baki Ɗan Bogo ya miƙa kwanonsa, yana ture na gabansa da kafaɗa, wai shi ne ya yi gadin wutar. Ba a kira la'asar ba sai da aka ji ludayi yana kankare ƙarfe. Asabe ta karkato tukunyar ta nuna mini babu komai a ciki, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Manyan naka su zo ranar Juma'a. Amma ka sani, Ajan, ni yanzu na ɗanɗana. A gidanka ma ba zan hura itace ba. Ka san yadda za ku yi da Shef ɗinka."

Ga abin da na ɗauka daga wannan, ku ma ku riƙe. In kun kai wa jama'a sabon abu suka ja baya, kada ku yi saurin cewa jahilci ne. Ku zauna ku ji ainihin abin da suke gudu, ku je wurin wanda suke jin maganarsa. Mutanen nan sun fi mu iya ware mai kyau da marar kyau, sai dai da nasu ma'aunin suke yi, ba da fentin meri ba.

Bututun gida kuwa, Shef ya auna nisan unguwarmu ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita dai ta cika maganarta, ba ta ƙara hura itace ba. Ni na riƙa hurawa, da rigar aikina a jiki, har 'ya'yanmu suka girma suka karɓe ni.