Kyamarar bakin rafi da mayafin uwargida

A shekarun da 'yan sandan kula da tarbiyya ke tsare mata a kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan kan sutura, wani injiniya ya zo ƙauyenmu, kan hanyar Simsim. Ya kafa sanda mai zane-zane a cikin rafin da ke cika da damina, ya ɗaura kyamara a kan falwaya tana kallon sandar. Ya ce kowace safiya na'urar za ta auna ruwan daga hoto, ta aika wa direbobi awon da hoton a waya, su san ko lori zai haye. Da yake ni ke jan salla, ni aka ba amanar falwayar.

Na ji daɗin muƙamin, har na rubuta bayanin injiniyan da ajami.

Sai wata safiya na ga mata suna wanki gaban sandar, zannuwa a ɗage zuwa gwiwa, ido na ƙarfe yana kallonsu. Na ce a'uzu billahi. Na ɗauko mayafin uwargida daga igiya, na hau jaki, na lulluɓe kyamarar. Na dawo gida ina jin kamar na yi jihadi.

Lokacin shukar riɗi ne, kuma irina yana Gadarif, wurin direban da zai kawo shi. Ruwa ya janye, ƙasa ta yi laushi, lori shiru. Kullum ina bakin rafi ina wa'azi kan 'yan zamani marasa alkawari, mayafin yana kaɗawa bisa kaina.

Da direban ya iso, tun kafin ya kashe mota na fara masa faɗa. Ya miƙo mini wayarsa.

"Ya Hajj, wallahi kullum ina dubawa. Ba ruwa, ba sanda, sai furanni. Na ce ko aljanna ce ta sauko ƙauyenku?"

Uwargida ta leƙo ta kafaɗata. "Malam, ai wannan mayafina ne! Ni da na zargi akuyar maƙwabta."

"Sutura na yi wa mata," na ce.

"Da ka yi mana magana, ai sai mu matsa sama da wankinmu."

Na sauke mayafin, washegari kuwa matan suka matsa. Amma lokacin riɗi ya riga ya wuce, sai dawa na shuka. Maƙwabta suka kai riɗinsu kasuwa, mu muka ci tuwo, alhamdu lillahi, har wata daminar.