Littafin da ke Durowar Ƙasa

Anti Gam yara ke kiranta, don kullum yatsunta a manne suke da gam ɗin liƙe littattafai. Shekara ashirin da uku tana kula da sashen yara a ɗakin karatu, wani ɗaki mai taga biyu da fanka mai ƙara kamar injin niƙa. Mace ce mai kirki, amma ko sallama ka yi mata sai ta auna ta kafin ta amsa. Wanda kuwa ya shigo riƙe da fayil, wannan ba ta yarda da shi ko kaɗan.

Tana da dalilinta. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wasu masu fayil suka zo daga hedikwata suka ce duk littafin da ya yage a fitar da shi. Buhu huɗu suka cika, aka cinna musu wuta a bayan gini tana kallo. Guda ɗaya tak ta tsirar a cikin jakarta: labarin wata akuya da ta hau motar haya ta ƙi sauka.

Tun daga ranar littafin ya koma durowarta ta ƙasa. A rajista an rubuta an ƙone shi, saboda haka ba ta buga masa hatimin aro. Yaro zai matso ya ce ƙasa-ƙasa, "Anti, na durowa," ta leƙa ƙofa, sannan ta miƙa masa a leda. Sau biyar ta ɗinke bayansa da zare da allura. Shafi na sha tara da ya ɓace, da hannunta ta sake rubuta shi da ka. Layin masu jira ma a kanta yake.

Ran nan da hantsi sai ga wata mata mai tabarau, fayil a hammata. Ta ce daga kwamitin bayar da lambar yabo take, ta littattafan da yara suka daɗe suna so, kuma littafin akuyar na cikin jerinsu. Hatiman aro take ƙirgawa.

Anti Gam ta ce a ranta, sabon salo ke nan. Su yaudare ka da yabo ka fito da abu, su kwashe.

"An ƙone shi," in ji ta, ta tura mata rajista.

"Kash! Ɗakin karatu shida na zaga, duk labarin ɗaya ne. Ba hatimi, ba shaida. Dole ya fita daga jeri ke nan."

Maganar ta soki Anti Gam ƙwarai, don ta san ita ce ta hana shi hatimin shekara goma sha ɗaya. Amma sai ta ƙara tokare durowar da gwiwarta.

Sai ga telan bakin titi ya faɗo da 'yarsa, shi da bai iya magana a hankali ba tun yana ɗan makaranta.

"Anti, ga jikarki! Yau ne layinta ko? Na durowa, mai akuyar nan. Ni ma sau uku na are shi a hannunki!"

Anti Gam ta galla masa harara, amma magana ta riga ta fita. Ta jawo durowar.

Matar ta daɗe tana juya shafukan. Ga dabbaren mai, ga gemun da wani ya ƙara wa akuyar da biro, ga shafin rubutun hannu. Ta cire tabarau ta goge.

"Wannan ai ya fi hatimi dubu. Zan tafi da shi. A akwatin gilashi za a sa shi ranar taron, daga nan a adana shi a hedikwata, ba mai sake taɓa shi."

Dama Anti Gam ta sani! Wancan karon da wuta suka zo, wannan karon da gilashi, kuma duk ɗaya ne a wurin yaran. Ta zare littafin daga hannun matar, ta sa a leda, ta damƙa wa 'yar tela.

"Anti, in kwamiti bai gan shi ba, da wuya ya ci," in ji matar.

"Ai ban hana ki ba, Malama. Aro ake yi, kwana bakwai, a dawo da shi. Yara goma sha huɗu ne a gabanki. In sa ki a layi?"