Dauda Bayahude a Bakin Wutar Kaka

A Gure aka haife ni, a gangaren tudun yashi, inda in ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hango tutar barikin Faransawa. Ina da shekara tara ko goma lokacin da abin nan ya faru, 'yan shekaru kafin babban yaƙin Turawa na biyu. Yanzu na tsufa. Na yi aikin koyarwa har na ajiye, na ba yara labaran da ba su ƙirguwa, amma wannan ban taɓa ba da shi a aji ba.

Kakata, uwar mahaifina, ita ce mai tatsuniyar unguwarmu. In an kai gero rumbu, sanyi ya sauko, da an gama tuwon magariba sai ta sa a hura kara da kashin raƙumi a tsakar gida, ta miƙe ƙafafu kusa da wuta, mu kewaye ta. Tana da tata hanyar buɗe baki. Sai ta ce, "Ga wata ta iso ƙofa." Mu ce, "A shigo da ita." Kuma tana da doka guda wadda ko hawaye ba ya karya ta: ba ta ba da sabuwa sai wani ya maimaita ta jiya, daga kai har wutsiya, ba ragi ba ƙari. A nan ne tauraruwata take haskawa. Kaina kamar danƙo yake, abin da ya faɗa masa ya manne ke nan. Har tarin Kaka nakan maimaita. Sai ta yi dariya ta ce, "Kun ga maigidana ko? Ba noma, ba kiwo, sai baki." Ni kuwa in kumbura kamar an ba ni sarauta.

A wannan sanyin ne baƙo ya shigo mana. Bature ne saurayi, siriri, mai tabarau, ya zo koyon Hausa da Barbarci yana rubuta tatsuniyoyin mutane. Ba ma'aikacin bariki ba ne, izini kawai aka ba shi ya zauna. Sunansa ya yi kusa da Dauda, don haka Dauda muka sa masa. Ranar farko an ɗauko masa turmi ya zauna a kai, ya ƙi, ya naɗe ƙafa a tabarma cikinmu. Kaka ta tambaye shi ko yana cin tuwo, ya ce yana ci. Ta tambaye shi addininsa, ya ce shi Bayahude ne, ko da yake bai riƙe ibada ba. Muka dubi juna, don mu a karatun allo kaɗai muke jin sunan. Kaka ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce, "To, ashe ku ma kuna jin sanyi. Matso kusa da wuta."

Dokar Kaka ba ta bar shi ba. Shi ma sai ya maimaita, da Hausarsa mai tuntuɓe, mu yi ta birgima don dariya. Idan yara sun watse, manya kan zauna su ɗan taɓa hira da shi: mahaifina, ƙanensa Baffa Bukar, da maƙwabciyarmu Falmata, gwauruwa mai kai nono bariki kowace safiya. Ni nakan lafe a jikin Kaka. A lokacin ana ɗibar maza aikin dole, gyaran hanyar mota, ba lada sai bulala. Wata rana Dauda ya ce a ƙasarsu ma talaka haka yake shan wuya, kuma shi yana cikin mutanen da ake kira 'yan kwaminis, masu cewa mai aiki shi ya kamata ya ci amfanin guminsa. Ya ce mutum ɗaya in ya ƙi aiki za a dake shi, amma gari guda in ya ƙi a rana ɗaya, babu bulalar da za ta isa. Baffa Bukar ya ce, "Wallahi in na sami mutum ashirin, ni ne na farko da zan ajiye kwando."

Ni ɗan lakwal ne, makarantar Turawa, kuma ni ne na ɗaya a Faransanci. Bayan kwana biyu kumandan bariki, Baturen da ke mulkin garin, ya zo duba aji. Malaminmu ya tsai da ni gabansa don ya yi alfahari da ni. Kumandan ya shafa kaina, ya ce ya ji baƙon nan yana zuwa gidanmu, me ake faɗa a can? Ba wanda ya zare mini ido, ba wanda ya ɗaga mini hannu. Wannan nake so a sani. An ce in maimaita ne, abin da na fi kowa iyawa, sai na gyara tsayuwa na zubo shi duka cikin Faransanci mai kyau, maganar Dauda da ta Baffa, har da mutum ashirin ɗin. Ya ba ni ƙwayar sukari biyu. Na shanye su a hanya ina tsalle.

Kafin Juma'a an ɗora Dauda a raƙumi zuwa Damagaram, an kore shi daga ƙasar. Baffa Bukar kuwa aka ɗaure shi, aka tura shi aikin hanya can gabas. Da bazara labarin rasuwarsa ya zo mana.

Mahaifina ya tsaya a tsakar gida ya rantse cewa wanda ya kai maganar nan, ko ɗan cikinsa ne, sai ya tsine masa. Unguwa ba ta sha wahalar neman mai laifi ba. Wa ke shiga bariki kullum? Falmata. Aka daina sayen nononta. Mata in sun gan ta a rijiya sai su janye gugansu su juya baya. Ni ina ganin duk wannan, amma bakin nan nawa mai zuba ya kulle.

Bayan sadakar arba'in Kaka ta sa aka hura wuta, ko da yake zafi ake. Ba ta nemi a maimaita komai ba. Ta ba mu labarin wani ɗan tsuntsu mai daɗin murya wanda duk abin da ya ji sai ya rera. Kura ta same shi a kan reshe ta yabi muryarsa, ta ce ya yi mata waƙa. Ya rera mata abin da ya ji bareyi suna faɗa, wato tafkin da suke zuwa shan ruwa a ɓoye. Kura ta je ta kashe barewa. Dabbobi suka taru, suka ga sawun bushiya kusa da ramin kura, don ta nan hanyar kiwonta ta bi, suka ce ita ce. Suka kore ta daga dajin. Tsuntsu yana kan reshe yana kallo.

Nan Kaka ta tsaya. Yara suka ce, "Sai me, Kaka?"

Ta ce, "Na manta ƙarshenta. Tsufa ke nan." Ta juyo ta dube ni. "Maigida, kai mai kai, ka kwana da ita. Gobe ka kawo mana ƙarshe."

Na gane sarai. Ta buɗe mini ƙofa ne, ta kuma tsaya a bakinta don ta tare ni daga mahaifina in na shigo. Washegari aka taru, na miƙe na ce tsuntsun ya tashi ya koma wani daji, ba wanda ya sake jin labarinsa. Yara suka ce wannan ƙarshe ba daɗi. Kaka ta tura wani kara cikin wuta ta ce, "To. Haka ma ana yi." Ba ta ƙara sa ni maimaita tatsuniya ba har ta koma ga Allah. Kafin damina Falmata ta ɗaure kayanta a jaki, ita da 'yarta, suka koma Kelle.

Na sake ganin Dauda bayan ƙasarmu ta sami 'yanci. Ya zo Damagaram yana babban malamin jami'a, kai ya yi fari, hannun hagu babu yatsu uku. Daga barinsa wurinmu ya tafi Sifaniya da ƙafarsa, ba wanda ya aike shi, ya yi yaƙi da 'yan kama-karyar da ake kira fashis. A can ya bar yatsun. Danginsa kuwa an hallaka su kusan duka a babban yaƙi. Na zauna gabansa, ni mai ajin kaina da gemuna, na faɗa masa abin da na yi. Na zaci zai yi fushi, har ina so ya yi. Sai ya ce, "Mamman, kai yaro ne. Ni ne babba, na yi magana a gidan mutane alhali ina da takardar komawa gida, Bukar ba shi da ita. Wannan nawa ne. Amma matar nan, ka je wurinta?"

Ban je ba. Shekara ashirin da wani abu, Kelle tana nan kusa da Gure, ban je ba.

Da aka yi hutun makaranta a shekarar, na tafi. Na tarar Falmata ta rasu da daɗewa. 'Yarta ce ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta saurare ni har na gama ina share ido. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

Ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malaman lakwal, ta ce, "Ai mun sani. Ana gobe za mu taso, kakarka ta zo ɗakinmu ta durƙusa wa Iya, tsohuwa da ita. Ta ce ta jira ka ka faɗa, ba ka faɗa ba, ita kuma ba za ta iya miƙa jikanta ga tsinuwar ubansa ba. Iya ta ce ta tashi, ba komai, ita ta riga ta saba, yaro kuwa yanzu ya fara rayuwa."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar nan a matsayin gargaɗi kan sakin baki, har nakan yi wa ɗalibaina nasiha a kai. A tabarmar nan na ga ba nan abin yake ba. Maganar da na yi wa kumandan ta yaro ce marar wayo. Shirun da na yi bayanta kuwa da hankalina na yi shi, na kuma ci gaba da yi ina da gemu, a kan wuyan matar da ta san ni ne.

Na tambayi 'yar ko mahaifiyarta ta taɓa ambatona. Ta ce, "Duk wanda ya zo daga Gure sai ta tambaye shi ko yaron nan yana nan yana karatu."