Makarar Kaka

Duk sanda na ji ƙarar ƙwallo a kan siminti, ƙanin babana nake tunawa. Shi ne dogon gidanmu a Zongon Lome, sai ya sunkuya yake shiga zaure. Shekaru ya yi yana buga ƙwallon kwando, daga Lome zuwa Abijan har Faransa, ana biyansa. Amma mu gidan 'yan atamfa ne, kuma a wurin kakanmu duk wanda ba ya zama a shago a kasuwar Asigame ba shi da sana'a.

An taɓa kawo wa kaka jarida da hoton baffa a sama, ya tashi kamar zai taɓa rufi. Kaka ya duba, ya ce, "Ƙato da gajeren wando, cinya a waje." Ya miƙa wa kakarmu ta naɗe goro da ita. Baffa bai taɓa samun kalma ɗaya ta yabo daga bakinsa ba.

Da gwiwoyinsa suka lalace ya dawo gida, aikin da aka ba shi shi ne sauko da atamfa daga kanta ta sama. Babu wanda ya tambaye shi abin da ya gani a duniya.

Da damina kaka ya rasu. Aka fito da makara za a kai masallaci, baffa ya sa kafaɗa, sai makarar ta karkata. Babban wansu ya ce, "Kai, matsa. Ka yi tsawo, za ka kayar mana da shi."

Bai matsa ba. Ya lanƙwasa gwiwoyin nan nasa marasa lafiya har kafaɗarsa ta daidaita da ta sauran, ya tafi a haka cikin taɓo, gumi na zuba, har ƙofar masallaci. Kwana uku bai iya tashi ba.

Yau a unguwar Agoye iyaye ke ɗora 'ya'yansu a kan babur suna kai su filin ƙwallo, suna addu'a Turawa su gan su. Jikan babban wan nan ma yana ciki. Baffa kuwa a kan kujera yake salla, can ƙarshen sahu. Raina yana ɓaci in na gan shi, kuma ba da manyan kaɗai nake fushi ba. Ranar jana'izar nan mu yara muna bayan makara, muna kwaikwayon tafiyarsa muna danne dariya, kuma ni na fara.