Lafiya Lau Da Na Yi Ta Faɗa

Bayan an yi mini aikin ciwon daji a Birnin Kebbi, likita ya ce cutar ta fita. Sai dai ta bar mini tsaraba: fitsari ya daina jin maganata. Ni da nake riƙe numfashi a ƙarƙashin gulbi ina lalubar giwan ruwa, yanzu ko tari na yi sai wando ya jiƙe.

Asibiti suka haɗa ni da wata nas, Kirista, sa'ar ɗiyata ta fari, tana kirana a waya duk mako ta ji yadda nake. Kunnena ya yi nauyi, sai an buɗe muryar wayar, kuma a gidanmu na Argungu kiran asibiti ba na mutum ɗaya ba ne. Mai ɗakina ta matso, surukata ta aje taɓarya.

"Baba, yaya jikin?"

"Lafiya lau, ɗiyata."

"Babu wata damuwa?"

"Sai godiya."

To me zan ce gaban surukata? Haka aka koya mini amsa gaisuwa. Ubana yana gargara, lafiya lau yake cewa.

Alhali na bar masallaci. Alwalata ba ta kai ni ƙofar gida. Liman ya aiko, na ce ƙafa ce. Ina salla a ɗaki, ƙunshe da tsumma kamar jinjiri, ina roƙon Allah kada ya ɗauki raina a haka.

Ran nan nas ta ce, "Baba, ka fi kowa samun sauƙi. Zan rage kiranka, in ji da masu jin jiki."

Gida ya ɗauki hamdala. 

Da la'asar na ari kwalekwale na tuƙa tsakiyar gulbi, inda ba mai ji. Ban iya karanta suna ba, lambar sama na danna, wadda ta kira ni ƙarshe.

"Baba, lafiya?"

Bakina ya ɗauko amsar da ya saba, na cije shi.

"Ɗiyata, ba lafiya ba. Fitsari ya ƙi tsayi. Na bar salla cikin mutane."

"Tun yaushe?"

"Tun da anka sallamo ni."



"Haba, Baba. Akwai motsa jiki da ake yi, amma ban yi maka alkawari ba. Matse ƙasanka kamar kana riƙe tusa a cikin taro."

Na matse. Ban ji komai ya motsa ba, na gaya mata.

"Sake," ta ce.

Ruwa yana jan kwalekwalen, ban kama filafili ba. Na sake.