Taɓaryar Inna da Madubin Hodata

Taɓaryar na fara gani. Muna shiga gidan surukata a Gwallaga, ko sallama ban ƙarasa ba, idona ya faɗa kanta. An kwantar da ita kan sabuwar tabarma a inuwar darbejiya, an shafe ta da man shanu sai sheƙi take. A unguwar kowa inji yake kai niƙa, har da Inna, surukar tawa. Na ce a raina, wannan kuma wace baƙuwa ce aka yi wa shimfiɗa?

Shekararmu biyu da aure lokacin. A Kaduna muke zaune, maigidana yana koyarwa a makarantar sakandare. Da aka ba da hutu sai muka taho Bauchi garinsu, muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, don na dage cewa hutu nake so irin na cikin littafi.

Littattafan soyayya ne suka raine ni. Tun ina aji biyu nake karɓo hayarsu a wurin wata mata a layinmu, in ɓoye a tsakiyar littafin lissafi. A ciki na koyi cewa mijin da ke son matarsa yakan kai ta wani wuri mai sanyi inda ake kunna kyandir a kan tebur, ya ja mata kujera, ya dube ta har miya ta huce. Shekara biyu ina yi wa maigidana wannan karatu. A hutun nan ya ce an gama: ya kama mana tebur a wani sabon gidan cin abinci, ranar Asabar bayan magariba. Lahadi da safe za mu koma. Har na kai yadi wurin wani tela a Wunti, ya yi mini doguwar riga ruwan zuma.

Maigidana ɗan fari ne. Inna Bafulatana ce, sun baro ruga sun zauna a gari tun yana goye, amma kunyar ɗan fari ba ta bar ta a daji ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ko yana tsugune a gabanta, ni za ta kalla ta ce, "Ki ce wa mutumin naku abinci na hucewa." Kafin a auro ni, kaza ake faɗa wa, ko bango. Shi ma in ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake, kansa a ƙasa, ya tashi.

Ranar Alhamis na sami Goggo a madafa tana suyar masa. Maƙwabciyar Inna ce kuma aminiyarta, mace mai baki kamar reza.

"Amarya, kin gaida hajiyar da ke kwance a tabarma?"

"Goggo, ita na zo tambaya."

"Kwana bakwai ke nan surukarki tana shafa mata mai. Ni da na tsufa ina amsa mata lugude, ko ɗigo ba ta taɓa shafa mini ba."

Ta juya masa a tanda, ta ba ni labari. Wani otal a gefen gari ya shirya wa baƙinsa cin abincin gargajiya da wasanni, sai aka shigo unguwa neman tsofaffin da suka iya lugude, irin dakan nan da mata ke cilla taɓarya sama su tafa kafin ta dawo. Duk wanda aka tambaya gidan Inna ya nuna. Su uku za su yi har da Goggo, Inna ce gaba.

"Yaushe ne?" na ce.

"Asabar, bayan magariba."

Daidai lokacin teburinmu ke nan. Goggo ta kalle ni ta gefen ido, ta rage murya.

"Kowa a unguwar nan ya taɓa ganin lugudenta, ban da mijinki. Tun yana ƙarami, da ya shigo sai ta dire taɓarya ta hau tsintar tsakuwa a gero. Ga kafaɗa ta fara yi mata gardama, da ruwan zafi nake gasa mata. Wannan in ta yi, ba na jin za ta ƙara."

"To ta faɗa masa mana."

"Ta faɗa wa wa? Ke dai 'yar birni ce."

Da zan fita na tarar da Inna tana watsa wa kaji dusa. Ba ta dube ni ba. Wata farar kaza ta kalla ta ce, "Masu cin abinci da ƙarfe ai ba sa zuwa inda ake daka." Ashe labarin teburinmu ya riga ni zuwa.

Na koma masauki na sami maigidana zaune a bakin gado, yana ganina ya cusa wani abu ƙarƙashin filo. Na zaro. Ɗaya daga cikin littattafaina ne, har ya naɗe gefen shafin da saurayi ya kai budurwa cin abinci.

"Malam! Kai da ka ce shirme ne?"

"Shirme ne mana. Bincike nake." Ya miƙe ya ja kujerar ɗakin, ya ɗan rusuna. "Bismilla, ranki ya daɗe. Haka ake yi, ko sai na ƙara da murmushi mai kashe jiki?"

Na yi dariya har da hawaye, ina cikin dariyar kuma abin ya koma mini wani iri. Na zauna a kujerar na faɗa masa abin da Goggo ta ce, da abin da aka faɗa wa kaza.

Ya koma bakin gado ya zauna. Can ya ce, "In na je ba za ta yi ba. Tana ganina za ta dire taɓarya a gaban baƙi. Kin ga na kunyata ta."

"Amma kana son ka gani?"

Ya ce yana yaro, in ya dawo daga makaranta ya jiyo lugude daga lungu, ba ya shiga. Sai ya jingina da katanga ta waje ya saurara har a gama, don ya san shigarsa ita ce ƙarshen wasan. Ya san sautin taɓaryarta a cikin goma. Yadda take yi ne bai sani ba.

"Ke aka yi wa alkawari," ya ce. "Ke za ki zaɓa. Inda kika ce, can za mu."

Ba zan yi ƙarya ba, ranar Juma'a da fushi na wuni. Ina jin haushin otal, ina jin haushin Goggo da ta faɗa mini, har da kazar. Na fito da rigata na shimfiɗa a gado ina kallo. Na yi ta faɗa wa kaina cewa Inna ba ta gayyace mu ba, kuma shi da bakinsa ya ce zuwansa zai ɓata wasan. Amma duk inda na juya sai in ga yaro da jakar makaranta jingine da katanga.

Asabar muka yi sallar magariba, na saka rigar, na yi kwalliya, na jefa hoda mai madubi a jaka. Muka tsayar da keke napep. Mai keken ya waigo ya ce, "Ina muka nufa?" Maigidana ya kau da kai yana kallon titi. Na ji bakina ya faɗi sunan otal ɗin.

A fili aka shirya abin, an shimfiɗa tabarmi da darduma, an jera fitilu. Baƙi sun cika, wasu daga kudu, wasu Turawa, kowa da waya a hannu. Aka kawo masa da miyar taushe, da dambun nama, da fura a ƙananan ƙore. Ni kaɗai ce na yi shigar biki, ina ta fama da doguwar riga a kan tabarma. Muka zauna can baya, maigidana ya juya wa dandalin baya ya fuskanci katanga. Wata ma'aikaciya ta zo ta ce, "Oga, lafiya? Abincin ne bai yi ba?" Ya ce wuyansa ke ciwo.

Masu kalangu suka yi suka sauka, 'yan rawa suka yi. Sai aka mirgino turmi. Tsofaffi uku suka fito, Inna a tsakiya da baƙin saƙi, ta ci ɗamara da gyale. Taɓarya ta farko ta sauka, ta biyu ta amsa, ta uku ta bi. Na ga maigidana ya ajiye masar da ke hannunsa, ya rufe ido.

Abin ya tsaya mini a rai. Mun bar kyandir, mun zo har nan, kuma a ce katanga zai sake kallo? Na buɗe jaka na ɗauko hodar, na buɗe, na sa masa a tafin hannu.

"Ɗaga kaɗan. Ka karkata hagu."

Ya yi ta gyarawa har ya same ta. Daidai nan Inna ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu, ta cafe, ta buga a kan kari ba ta kauce ba. Ta sake cillawa ta tafa uku. Wurin ya ɗauki sowa. Ni ba ita nake kallo ba, hannunsa nake kallo, yana rawa har madubin na girgiza.

"Ashe dariya take," ya ce a hankali. "Ashe in tana yi dariya take."

Garin girgizar ne madubin ya kama hasken fitila ya jefa a fuskarta. Na ga ta ƙifta ido, ta dubo inda muke. Rigata ruwan zuma ba ta ɓuya, ga kuma ƙeyar da ta sani tun ranar haihuwa. Taɓaryarta ta tsaya a sama, bugu ɗaya ya wuce babu ita. Sai Goggo ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, ta daki turmi sau biyu ta cike gurbin. Inna ta kau da kai gefe, ta gyara tsayuwa, ta cilla taɓaryar har sai da ta wuce igiyar fitilu. Ta tafa huɗu. Ba ta ƙara duban wajenmu ba har aka gama, amma dariyar ba ta bar fuskarta ba.

Kafin su sauko muka sulale. Muka hau keke. Wajen shataletalen Wunti ya laluɓo hannuna ya riƙe, abin da bai taɓa yi a titi ba.

Da safe muka je sallama. Ya tsuguna a bakin ƙofa kamar kullum. Inna na zaune Goggo na gasa mata kafaɗa.

"Tafi huɗu!" in ji Goggo. "Rabonta da shi tun muna da ƙuruciya. Ko wa aka yi wa, oho."

Inna ta yi kamar ba ta ji ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, jiya wani haske ya yi ta damun idona. Mutanen yanzu ba su da ta ido." Sannan ta miƙo hannu. "Mu ga abin."

Na ba ta hodar. Ta buɗe, ta rufe, ta ƙulle a bakin zanenta. Ta ce in ce wa mutumin namu ya yi tuƙi a hankali, alhali ta san motar haya za mu hau.

Gidan cin abincin mun je wani hutun daban. Ya ja mini kujera, kyandir ya ci, naman kuma ɗan mitsitsi ne a tsakiyar faranti, sai da muka biya ta wurin mai tsire.

Maganar Goggo ta tabbata, Inna ba ta ƙara ɗaga taɓarya ba. Bayan wasu shekaru aka dawo da maigidana aiki Bauchi, muka tare a gidan Gwallaga. Yanzu hannun damanta ba ya wuce kafaɗa, ni nake ɗaura mata ɗankwali. Har yau ba ta kira sunansa ba. Hodar ta ƙare tuntuni, murfin ma ya tsage. Amma kullum da la'asar, in ya dawo daga makaranta ya zauna cin abinci a ƙarƙashin darbejiya, sai ta ja tabarmarta bakin ƙofar ɗaki, ta juya wa tsakar gida baya, ta kwance bakin zane ta buɗe madubin. Takan ce wani abu ne ya faɗa mata a ido. Sai ya cinye ya wanke hannu take samun fitar da shi.